Ko Yaron Nan Zai Warke? Taɓin Hankali a Ƙuruciya da Abubuwan da ke Kawo Sauƙinsa

A cikin cututtukan da ke shiga gida, da wuya a sami wanda ake ɓoyewa kamar taɓin hankali. In yaro ya karye, maƙwabta sukan cika tsakar gida da gaisuwa. In zazzaɓi ya kwantar da shi, wannan ta kawo kunu, waccan ta kawo fura. Amma in saurayi ɗan shekara 19 ya fara magana shi kaɗai, ya daina wanka, yana cewa ana binsa za a kashe shi, sai a ja ƙyaure, a ce wa masu tambaya ya yi tafiya. Iyaye kuwa su kwana da tambaya guda a zuci: ko yaron nan zai warke, ko kuwa mun rasa shi ke nan tun yana da rai?

Likitoci sun yi fiye da shekara 100 suna bin sawun masu irin wannan ciwo, suna rubuta wanda ya tashi da wanda bai tashi ba, da dalilin haka. Abin da suka gano ya kamata ya isa kowane gida a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gama rabin amsar tambayar nan tana hannun iyali ne.

Wane ciwo ne wannan?

Taɓin hankali iri iri ne. Wanda muke magana a kansa likitoci suna kiransa sikizofiriniya, sunan da wani likitan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa masa a 1908. Ciwon ƙwaƙwalwa ne da yakan fara tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara 30. Ga maza yakan zo da wuri, ga mata kuwa ya ɗan jinkirta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 24 ne ke da shi, watau wajen mutum 1 cikin 300. Garin da ke da mutum 3,000 ba zai rasa kamar mutum 10 ba, ko an gan su ko an ɓoye su.

Alamunsa kashi biyu ne. Akwai masu hayaniya: jin muryoyin da ba wanda ke ji, da kafewa a kan abin da ba haka yake ba, kamar a ce an sa guba a tuwo ko rediyo yana zancensa, da maganar da ba ta haɗuwa. Akwai kuma na shiru: yaro ya janye daga abokai, fuskarsa ta daina nuna murna ko baƙin ciki, ya wuni zaune ba ya son taɓa kome. Na shirun nan ne iyaye sukan ɗauka lalaci ne ko raini, alhali kuwa ciwon ne.

Sai mu lura, ba kowane ruɗewa ne wannan ciwo ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da taifot, da farfaɗiya, da ƙwaya, duk suna iya sa mutum sambatu. Mace kuma tana iya ruɗewa bayan haihuwa. Saboda haka likita yakan auna jiki da jini tukuna, kuma ba ya yanke cewa sikizofiriniya ce sai alamun sun daɗe, aƙalla wata guda.

Ana warkewa kuwa?

I, ana warkewa, amma ba kowa ba, kuma ba hanya ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum 1 cikin 3 alamun sukan kwanta masa gaba ɗaya. Waɗansu ciwon yakan tafi ya dawo, suna aikinsu a tsakani. Waɗansu kuwa yakan zauna musu, su bukaci kulawa dukan ransu. A jihar Bamont ta Amurka an bi sawun majinyatan da aka riga aka fid da zuciya a kansu har shekara 32, aka buga sakamakon a 1987. Tsakanin rabi da kashi 2 cikin 3 sun sami sauƙi mai yawa ko sun warke. Wannan ya koya wa likitoci kada su yi saurin yanke ƙauna, domin sauƙi yana iya zuwa ko bayan shekaru.

Abubuwan da ba a hannunmu suke ba

Akwai abubuwan da likita zai tambaya ranar farko domin ya san irin tafiyar da ke gaba.

Na fari, shekarun da ciwon ya fara. Wanda ya kamu yana ɗan shekara 15 yakan fi shan wuya bisa wanda ya kamu yana ɗan 28. Dalilin a fili yake. Na biyun ya riga ya gama makaranta, ya iya noma ko ɗinki, watakila ma ya yi aure, yana da abin da zai koma wa. Na farkon kuwa ciwon ya tare shi tun bai gina kome ba.

Na biyu, yadda ya shigo. Ciwon da ya faɗo farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, musamman bayan wani babban tashin hankali, ya fi saurin kwantawa. Wanda ya lallaɓo a hankali shekara biyu ko uku, yaro yana ta raguwa a aji yana janyewa, shi ne mai taurin kai.

Na uku, halin yaron kafin ciwon. Mai abokai, mai ƙoƙari a makaranta ko gona, ya fi samun hanyar komowa. Na huɗu, mata a galibi sun fi maza samun sauƙi. Na biyar, in alamun shiru sun fi yawa, magani ba ya cin su kamar yadda yake cin muryoyi da tsoro.

Gado ma yana da nasa rabo. In ɗaya daga cikin iyaye yana da ciwon, wajen ɗa 1 cikin 10 yakan kamu. Ku dubi lissafin da kyau: 9 ba sa kamuwa. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan yana nan lafiya. Don haka babu dalilin da miji zai nuna wa matarsa yatsa ya ce daga danginku ne. Mai karatu zai tuna amsar da Yesu ya ba almajiransa a Yahaya sura 9, sa'ad da suka nemi wanda za su ɗora wa laifin makantar wani mutum.

Waɗannan duka ba hukunci ba ne a kan kowane yaro. Lissafin taro ne. Akwai waɗanda suka fara da dukan alamu marasa kyau suka tashi, domin an kula da abubuwan da ke biye.

Lokaci: kwana nawa kafin a kai asibiti?

Cikin abubuwan da ke hannunmu, wannan ne kan gaba. Bincike a ƙasashe da yawa ya nuna abu guda: gwargwadon daɗewar da aka yi ba a fara magani ba, gwargwadon wuyar samun sauƙi. A Amurka an gwada wani shiri na kula da matasa 404 da ciwon ya fara kamawa, aka buga sakamakon a 2016. Rabinsu sun yi fiye da mako 74, kusan shekara ɗaya da rabi ke nan, kafin su sami magani. Waɗanda suka zo kafin wannan lokaci su ne suka fi cin moriyar shirin nesa ba kusa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A wurinmu ina kwanakin suke tafiya? Wata uku ana cewa ƙuruciya ce. Wata shida ana zagaya masu magani, ana hayaƙi ana turare. Shekara guda a wani gidan addu'a mai nisa. A sayar da akuya, a sayar da sa, a jinginar da gona. Ran da aka isa asibiti aljihu ya bushe, yaro ya bar makaranta, abokansa sun watse. A ƙauyen Karfi ta jihar Kano an tambayi manya 250 ra'ayinsu a kan taɓin hankali, aka buga a 2004. Waɗanda suka ce asibiti za su fara nufa ba su kai rabi ba.

Ga abin da ya kamata uwa da uba da malamin makaranta su sa wa ido: yaro mai ƙoƙari ya faɗi warwas ba dalili, barci ya ƙaurace masa, yana dariya ko gunaguni shi kaɗai, yana zargin 'yan gida, ya daina kula da tsabta. In haka ta wuce mako biyu ko uku, a kai shi a duba. In an je aka tarar ba kome, kuɗin mota kaɗai aka yi hasara.

Magani: a sha, kada a yanke

Kafin 1952 babu maganin da ke kwantar da wannan ciwo. A shekarar nan ne likitoci a Faris suka gwada wanda muka sani da suna Largactil. Daga baya aka sami Haldol, da sababbi irin su risfaridon da olanzafin. Akwai kuma allura irin Modecate wadda ake yi sau ɗaya cikin mako biyu zuwa huɗu. Magungunan nan suna rage aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda yakan yi yawa a wani sashe sa'ad da ciwon ya tashi. Barci da natsuwa sukan zo cikin kwanaki, amma muryoyi da tsoro sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Kada a ce magani bai yi ba tun ba a ba shi lokacinsa ba.

Babban tarko yana zuwa ne bayan an ga sauƙi. Yaro ya ce, "Baba, ai na warke, me zan yi da ƙwayar nan?" Uba kuma ya duba tsadarta ya yarda. A 2012 an tattara gwaje-gwaje 65 na majinyata fiye da 6,000. Cikin shekara guda, kashi 27 cikin 100 na masu ci gaba da magani ne ciwon ya dawo musu. Cikin waɗanda aka cire musu kuwa, kashi 64 ne. Kowace dawowa kuma tana iya barin tabo, har maganin da ya yi aiki da fari ya kasa yi kamar dā. Bayan tashin farko likitoci sukan ce a ci gaba wajen shekara guda ko fiye bayan alamun sun kwanta. In za a rage, likita ne zai rage, kaɗan kaɗan.

Gaskiya ne maganin yana da nasa wahala. Yakan sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba, wani ya kasa zama wuri ɗaya. Sababbin kuma sukan sa ƙiba da hawan sukari. In an ga haka a koma a faɗa, gama ana iya rage shi ko a sāke wani. Akwai ƙwayar da ake bayarwa don sandarewar jiki, Artane ko Exol, amma a ajiye ta hannun babba, domin samari sun mai da ita abin maye. In an gwada magani iri biyu yadda ya kamata ba su yi ba, akwai wani mai suna kulozafin da manyan asibitoci ke bayarwa tare da awon jini a kai a kai. A tambaya.

Wiwi da ƙwaya

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun sha wani abin maye cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi ne. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. A ƙasar Suwidin an bi samari fiye da 45,000 shekara 15. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su sha ba sau 6 wajen kamuwa da wannan ciwo. Wanda ya riga ya kamu kuma ya ci gaba da sha, ciwon ya fi dawo masa, ya fi daɗewa a asibiti. Wanda ya daina kuwa yakan koma kusa da matsayin wanda bai taɓa sha ba wajen yawan dawowar ciwon.

Abu biyu za mu kiyaye. Kada a ɓoye wa likita in yaron yana sha, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada kuma a ɗauka duk mai taɓin hankali ɗan ƙwaya ne. Da yawa ba su taɓa ko sigari ba, wannan zargi kuwa yana ƙara musu nauyi a banza.

Harshen gida

Ga wani abin da bai bukaci ko kwabo ba. A Landan, cikin shekarun 1960 da 1970, masu bincike sun lura waɗansu majinyata suna komawa gida su zauna lafiya, waɗansu kuwa ba a jimawa sai a komo da su. Da suka shiga gidajen suka saurari yadda ake magana, sai suka ga bambancin. A gidajen da ake yawan gori da tsawa, ko ake manne wa majinyaci ba a barinsa ya numfasa, wajen rabi ciwon ya dawo musu cikin wata 9. A gidajen da ake magana a natse kuwa, kashi 13 cikin 100 ne kawai.

Wannan bai nuna iyali ne suka jawo ciwon ba. Ƙwaƙwalwar da ke farfaɗowa ce ba ta iya ɗaukar hayaniya, kamar yadda ƙafar da aka ɗora ba ta iya ɗaukar buhu. Maimakon "Kai dai ka zama kaya, ga ƙannenka can a gona," sai a ce, "Zo ka kama mini wannan igiya." Magana ɗaya a lokaci ɗaya. In ya ce yana jin muryoyi, kada a yi masa dariya, kada kuma a ce ana jinsu. Uwa tana iya cewa, "Ni ban ji ba, ɗana, amma na ga abin yana damunka. Zo mu zauna."

Mai jinya ma mutum ce. Yawanci uwa ce ko yaya ke ɗauke da kayan nan dare da rana. In ba a karɓe ta ba, haƙurinta zai ƙare, harshenta ya yi kaifi ba da sonta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aiki da zama cikin mutane

A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani abu a Aro, kusa da Abekuta, wanda duniya ta zo koyo. Maimakon ya kulle majinyata, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su karɓi magani, sauran lokaci suna cikin jama'a, ana zuwa kasuwa ana zuwa gona. Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Hukumar ta kuma yi bincike a ƙasashe 9 daga ƙarshen shekarun 1960. Abin mamaki, majinyatan Ibadan da na Agra ta Indiya sun fi na manyan biranen Turai samun sauƙi. Da yawa suka ce zumunci ne da aikin hannu, gama a ƙauye ba a rasa abin da mutum zai yi gwargwadon ƙarfinsa. Amma a 2008 waɗansu masana, har da Farfesa Oye Gureje na Ibadan, suka ja kunne kada a yi barci a kan wannan labari. A Butajira ta ƙasar Habasha, inda yawancin majinyata ba su taɓa samun magani ba, da yawa sun zauna cikin ciwon, da yawa kuma sun mutu da wuri. Ashe zumunci da magani tare suke aiki, ɗaya ba ya ɗaukar kayan ɗaya.

Saboda haka da zarar yaro ya natsu, a ba shi abin yi. Ya fara da ba awaki dusa, ko ɓarar masara, ko tsaron shago na sa'a biyu. In ɗan makaranta ne, a je a ga shugaban makarantar, a roƙa ya koma ko da zai maimaita aji. Kada a jira sai ya warke sarai, domin aikin kansa yana cikin abin da ke warkarwa.

Mari, sarƙa da addu'a

A watan Satumba da Oktoba na 2019 'yan sanda sun buɗe waɗansu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da birnin Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da sarƙa a ƙafa. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton wurare 28 da ta ziyarta a jihohi 8 da Abuja. Ta tarar ana ɗaure masu taɓin hankali a asibitocin gwamnati, da gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addini na Musulmi da na Kirista duka. Ba mu da bakin nuna wa kowa yatsa. Sarƙa tana cin ƙafa, duka da azumin dole suna raunana jiki, yaron kuma ya koyi cewa waɗanda ya fi amincewa da su ne abin tsoro. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana azabtar da irin waɗannan majinyata.

Ba wanda ya ce a bar addu'a. A Ibadan da Kumasi ta Gana an gwada haɗa hannu tsakanin ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu addu'a da masu maganin gargajiya, a kan majinyata 307. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna waɗanda aka haɗa musu biyun sun fi samun sauƙi bayan wata 6. A Itumbauzo ta jihar Abiya, ikkilisiyar Metodis ta kafa Amaudo tun 1989, inda ake ɗauko masu yawo a titi, a yi musu magani, a koya musu sana'a, a mai da su gida. Faston da ya yi wa yaro addu'a sa'an nan ya tambaya, "Ka sha maganinka yau?" ya yi aikin makiyayi. Wanda ya ce a zubar da ƙwaya don a nuna bangaskiya, ya sa ran ɗan mutane cikin hatsari.

Halin da ƙasarmu ke ciki

Duk abin da aka faɗa a sama ya fi wuya a inda babu kwanciyar hankali. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da yawa a Kadisau ta Faskari. Ran 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na tsawon watanni. Gidan da ya gudu da tsakar dare ba ya tuna katin asibiti.

Firgita ba ita ce sikizofiriniya ba. Yaron da ya ga abin tsoro yana iya mafarkai da zabura, wannan ciwo dabam ne, maganinsa ma dabam. Amma tashin hankali da rashin barci suna iya ta da ciwon ga wanda yake da shi a kwance. A ƙasarmu kuma wanda ya ce ana zuwa a kashe shi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Abin dubawa shi ne ko tsoron nasa irin na kowa ne, ko kuwa ya koma kan uwarsa da ƙannensa, yana cewa an sa masa na'ura a kai.

Ga shawarwari domin irin wannan zama. A rubuta sunan maganin da yawan da ake sha a takarda biyu, ɗaya a jakar uwa, ɗaya wurin wani ɗan'uwa a gari. A roƙi likita ya rubuta na wata biyu ko uku. A tambaya ko allurar wata wata za ta dace, a riƙa yinta a asibitin da ya fi kusa. Da kaka, a ware buhun masara ko waken soya na kuɗin magani kafin a taɓa sauran. Kada a sa mai wannan ciwo gadin dare, kada kuma a ba shi bindiga, gama rashin barci shi ne ƙofar dawowar ciwon. A sanar da mai unguwa da 'yan sintiri halin da yake ciki. Saurayin da ke yawo shi kaɗai a bakin daji, ana tambayarsa yana amsa wani abu dabam, ana iya ɗaukarsa mai kai wa ɓarayi labari, a hallaka shi kafin a gane. Kunyar faɗa ba ta kai wannan hasara ba.

Ina za a je? A fara da babban asibitin da ke kusa, kamar na Ƙanƙara, ko Funtuwa, ko Malumfashi, a nemi takardar turawa. Akwai sashen masu taɓin hankali a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato. Likitocin wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, saboda haka in an sami ganinsu kada a bar ranar komawa ta wuce.

Rai da lafiyar jiki

Masu wannan ciwo sukan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin tsaransu, yawanci saboda ciwon zuciya, da sukari, da tarin fuka da ba a kula da su ba. A riƙa auna musu jini da nauyi. Wajen mutum 1 cikin 20 kuma yakan kashe kansa, hatsarin ya fi yawa a shekarun farko, musamman sa'ad da saurayi ya dawo hayyacinsa ya ga abin da ya rasa. In ya fara zancen mutuwa, kada a ce wasa ne. A kawar da maganin feshi da fiya-fiya da igiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Zancen aure fa?

Aure ba magani ba ne. Ɗaura wa yaro aure yana tsakiyar ciwo don ya natsu yakan jawo wahalar mutum biyu. Amma wanda ya sami sauƙi, yana shan maganinsa, yana riƙe da sana'a, yana iya aure ya riƙe gida kamar kowa. Sharaɗin shi ne a gaya wa ɗaya gidan gaskiya tun kafin a kai kaya. Mace mai shan magani kuma, in ta sami ciki, kada ta yanke shi da kanta, ta je ta shawarci likita.

Abin da ya rage gare mu

Shekarun da ciwon ya fara da yadda ya shigo, ba mu muka zaɓa ba. Amma ranar zuwa asibiti, da ƙwayar kowane dare, da irin maganar da ake yi a tsakar gida, da wurin zaman da aka bar wa yaro a cikin jama'a, waɗannan namu ne. Zumuntar mata tana iya karɓar uwa jinya yini guda a mako. Dattawan ikkilisiya suna iya sa kuɗin allurar wata cikin taimakon mabukata. Matasa suna iya biyowa su tafi da abokinsu filin ƙwallo ko koyon waƙa, ko da zai zauna ne kawai yana kallo. In kuwa akwai gidan da kuka sani an ja ƙyaure an ce yaro ya yi tafiya, ku je ku gaishe su cikin makon nan, ku tambayi yaron da sunansa.